SAUKAR ƘANANAN JIRAGEN SAMA: HATSARINTA DA ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HAKIMAI

Ran 1 ga watan Nuwamba, 1925, waɗansu jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, bayan sun yi kwana da kwanaki suna tafe daga Masar ta kan Sudan da ƙasar Cadi. Madugun tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A zamanin nan ba a gina filin jirgi a Kano ba tukuna, saboda haka a filin da Turawa ke wasan dawaki suka sauka. Kowane ɗaya inji guda gare shi, mutum biyu kuma ya ke ɗauka. Tun daga lokacin an gina manyan filaye masu kwalta da fitilu da hasumiya a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da sauran manyan garuruwa, amma ƙaramin jirgi bai ɓace ba, irin filin da ya ke sauka kuwa sau da yawa bai fi na 1925 da kome ba.

Da ƙananan jirage a ke feshin jan-baki a ƙasashen Kabi da Sakkwato da Haɗeja da Barno, sa'ad da tsuntsun ya tasam ma shinkafa da gero. Da su ɗaliban makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, su ke koyo, su kan kuma yi nisa da Zariya cikin koyon. Da su a ke ɗaukar likitoci da 'yan safiyo da manyan baƙi zuwa inda babban jirgi ba ya zuwa. A irin waɗannan wurare babu ma'aikacin da zai yi magana da matuƙi ta rediyo, babu shinge, babu motar kashe gobara. Wanda ke akwai shi ne hakimi da dagatansa da malaminsa. Dalilin rubuta wannan takarda ke nan, domin hakimi ya san abin da ke gudana cikin minti biyu na ƙarshen tafiya, ya kuma san wanne ne nasa a ciki.

A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, inda kuma a ke rubuta labarin kowane hatsari, an daɗe da lura da abu biyu. Na fari, wajen sauka aka fi yin hatsari, ko da ya ke galibi jirgin ne ke lalacewa, mutane su fita da ransu. Na biyu, hatsarin da ya fi cin rai shi ne jirgi ya ƙwace wa matuƙi tun yana sama, musamman in ya riga ya yi ƙasa-ƙasa. Cikin mafi yawansu kuwa, in an bincika, sai a tarar injin lafiyarsa lau.

ABIN DA KE RIƘE DA JIRGI

Mahayi in ya hangi rami a gabansa ya kan ja linzami doki ya tsaya. Direba ya taka birki. Matuƙin jirgin sama ba shi da wannan dama, gama gudu ne ke riƙe da shi. An ƙera fiffiken jirgi da ɗan doro a bisa, an kuma kafa shi gabansa ya ɗan ɗaga. In yana keta iska da sauri sai ya karkata ta ya tura ta ƙasa, ita kuwa ta tallafe shi sama. Wanda ya taɓa fid da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu, ya ɗan ɗaga yatsunsa, ya ji irin wannan tallafi. In gudu ya ragu tallafi ya ragu, sai matuƙi ya ƙara ɗaga goshin jirgi don fiffike ya ƙara cin iska. To, amma abin yana da iyaka. Da zarar karkatar fiffike ga iska ta wuce wajen digiri 15 ko 16, sai iskar da ke bin doronsa ta wargaje, ta sake shi. Nan take goshin jirgi ya sunkuya, jirgin ya zubo. Abin da a ke nufi da sakin fiffike ke nan cikin wannan takarda.

Kalmar da Turawa ke kiran wannan abu da ita, ita ce dai kalmar da su ke faɗa in injin mota ya mutu, shi ya sa masu fassara labari su kan ruɗe su rubuta wai injin jirgi ya tsaya. Ba haka ba ne. Iska tana sakin fiffike ko da inji yana ruri.

A ɗauki misalin Cessna 172, jirgi mai kujera huɗu wanda aka fara ƙerawa a 1956, wanda kuma babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya. In ya cika kaya, an kuma sauko da leɓɓan da ke bayan fukafukansa don sauka, iska ta kan sake shi idan gudunsa ya kasa wajen mil 55 a awa. Matuƙi ya kan nufo fili da gudun wajen mil 75. Watau mil 20 ne tsakaninsa da faɗuwa, ƙasa da gudun babur cikin gari. Akwai ƙaho a cikin jirgin da ke kuka in an matso iyaka. Maganin abin kuwa sananne ne, a tura sanda gaba, goshi ya yi ƙasa, a ƙara wa inji wuta. Wuyarsa ita ce, mutumin da ya ga ƙasa ta taso masa zuciyarsa ba ta ba shi ya tura sanda gaba, ja ya ke so ya yi, ja kuwa shi ke ƙara ɓata al'amari. Ɗalibi ya kan maimaita wannan darasi sau da yawa can sama nesa da ƙasa, har hannunsa ya saba da abin da zuciyarsa ta ƙi.

KWANAR ƘARSHE

Ƙaramin jirgi ba ya kan faɗo wa fili kai tsaye ba. Ya kan bi ta gefensa a bisa wajen ƙafa 1,000, matuƙi ya duba fili ya ga inda iska ta nufa, sa'an nan ya yi kwana biyu, galibi ta hagu, ya miƙe ya fuskanci hanyar sauka. Sa'ad da zai yi kwana ta ƙarshe bai fi ƙafa 400 ko 500 bisa ƙasa ba, gudunsa kuma ya ragu. Wurin nan ya ci rayukan matuƙa da yawa, har da waɗanda suka daɗe cikin aiki.

Ga yadda abin ke aukuwa. Iska ta kan tura jirgi ya zarce saitin hanya. Matuƙi ya ga ya wuce, ba ya son ya fasa, sai ya ƙara kwantar da jirgi, ya taka abin juya wutsiya da ƙafa don goshi ya dawo da sauri, ya kuma ja sanda don kada ya yi ƙasa. To, jirgin da ya kwanta cikin kwana nauyinsa a kan fukafukai ƙaruwa ya ke yi, kamar yadda mahayi ke jin nauyinsa ya koma kan likkafa ɗaya in doki ya karya kwana a guje. In ya kwanta digiri 45 ba tare da ya bar jirgi ya yi ƙasa ba, iyakar nan ta mil 55 ta hau zuwa 65. In ya kai digiri 60, ta zama 78. Shi kuwa da 75 ya ke tafe. Ƙaho ya yi kuka, fiffiken da ke ciki ya riga ɗan'uwansa saki, jirgi ya kife ya shiga juyi kamar katantanwa. Fita daga irin wannan juyi na iya cin ƙafa 1,000, alhali rabin wannan ke gare shi.

Masu kallo daga ƙasa abin da su kan ce shi ne, jirgin yana tafe lafiya, sai kawai suka ga ya karkace ya soke. Gaskiya suka faɗa, kuma wannan shaida tana da amfani ƙwarai ga masu bincike.

TAƁA ƘASA

In ƙarancin gudu ke kashewa a sama, yawansa ke ɓarna a ƙasa. Cessna 172, a fili mai kwalta, ba zafi ba iska, ya kan yi gudun wajen ƙafa 600 bayan tayoyinsa sun taɓa ƙasa kafin ya tsaya. In kuwa sai ya tsallake itace mai tsawon ƙafa 50 a bakin fili, yana bukatar ƙafa 1,300 da ɗoriya. Malaman da suka san lissafin gado za su gane wannan da sauƙi: in gudu ya ƙaru da ushuri, tsawon filin da a ke bukata ya kan ƙaru da humusi, gama ƙarfin abu mai gudu ninki ya ke yi, ba tarawa ba. Jirgin da ya zo da gudun da ya wuce kima ya kan ƙi zama, ya yi ta shawagi bisa hanya fili yana ƙarewa. In matuƙi ya ƙosa ya danna shi ƙasa, tayar gaba ce ke fara bugawa, jirgi ya yi tsalle, ya dawo ya sake bugawa fiye da dā, kamar doki mai tutsu. A karo na uku ko na huɗu ƙafar gaba ta karye, farfela ta haƙi ƙasa, wani lokaci jirgin ya wuntsila ya kwanta rigingine.

Jiragen feshi da yawa ƙaramar tayarsu a wutsiya ta ke, ba a gaba ba. Irin waɗannan sun fi jure mugun fili, amma nauyinsu yana bayan manyan tayoyi, don haka in wutsiya ta ɗan goce sai ta so ta wuce gaba, jirgi ya juya a guje, fiffike ya daki ƙasa. Rami kaɗan ko tabo a gefe guda ya isa ya jawo haka.

ISKA DA ZAFI DA HAZO

Jirgi yana son ya sauka yana fuskantar iska, domin iskar gaba tana rage masa gudu a kan ƙasa ba tare da ta rage masa tallafi ba. A ƙasar nan da rani iska daga arewa maso gabas ta ke busowa, da damina kuwa daga kudu maso yamma, shi ya sa aka shimfiɗa hanyoyin jirgi na Kano da Kaduna a kan wannan layi. Lambobin da a ke gani a bakin hanya, 06 da 24 a Kano, 05 da 23 a Kaduna, su ke nuna inda ta fuskanta. Iskar baya tana tsawaita sauka ƙwarai. Iskar gefe kuwa tana ture jirgi daga hanya, sai matuƙi ya karkata fiffike ɗaya cikinta ya sauka da taya guda tukuna. Masu ƙera Cessna 172 sun gwada shi cikin iskar gefe mai gudun mil 17 a awa, abin da ya wuce nan sai gwani, gwanin ma yana da iyaka.

Zafi kuma yana da nasa. Iska in ta yi zafi ta kan tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa, fiffike da farfela da inji duka su rasa abin kamawa. Filin jirgin Kano yana bisa teku da ƙafa 1,560 da 'yan kai. Amma da tsakar rana cikin bazara, in zafi ya kai digiri 40, ga jirgi kamar an ɗauke filin an ɗora shi bisa tudu mai ƙafa kusan 5,000, watau fiye da filin Jos mai ƙafa 4,200. Saukarsa ta kan ƙara tsawo da wajen sudusi, tashinsa kuwa ya fi haka wuya. Wannan ya sa matuƙan ƙananan jirage su ke son sammako, ba don ƙyuya su ke ƙin tashi bayan azahar ba. A lokacin ne kuma guguwa ke yawo a fili, ƙaramar guguwa kuwa ta isa ta ɗaga fiffike ɗaya.

Hadarin damina ya fi duka. Daga gabas ya ke tasowa, iska mai ƙarfi tana gabansa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wata iska da ke zubowa daga sama kamar an tuntsurar da tulu, in ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta ya kan fara samun iskar gaba, sa'an nan ta danne shi, sa'an nan ta koma masa iskar baya, gudunsa ya zube cikin daƙiƙa kaɗan. Ran 24 ga Yuni, 1956, wani jirgin fasinja mai inji huɗu ya tashi daga Kano cikin hadari, iska ta danne shi ya bugi itace, mutum 32 cikin 45 suka rasu. Ran 29 ga Oktoba, 2006, jirgin da ya taso daga Abuja za shi Sakkwato ya gamu da juyin iska yana tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Waɗannan wajen tashi ne, kuma manyan jirage ne. Ran 21 ga Mayu, 2021, ƙaramin jirgin soja mai inji biyu ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna yana shirin sauka cikin mugun yanayi, mutum 11 da ke ciki suka rasu, har da shugaban sojan ƙasa, Laftana Janar Ibrahim Attahiru. Abin da ya ka da waɗannan, jirgi mai kujera huɗu ba ya ja da shi.

Hazon hunturu, wanda akasarin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta ke tasowa, ba ya ture jirgi, ido ya ke rufewa. Wani lokaci matuƙi yana ganin ƙasa in ya dubi ƙarƙashinsa, amma in ya miƙe zai sauka, musamman in rana tana gabansa, sai fili ya ɓace masa. Mutum kuwa in bai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba, jikinsa ya kan yi masa ƙarya, ya ji kamar jirgi a miƙe ya ke alhali ya kwanta. Sai wanda aka horar ya tuƙa da agogan jirgi kaɗai, aka kuma ba shi takardar shaidar haka, shi ke iya fita. Duhu ma haka ya ke. A wannan yanki na duniya tsakanin faɗuwar rana da rufawar duhu bai fi minti 25 ba. Ran 25 ga Oktoba, 2012, Gwamnan Taraba na lokacin, Ɗanbaba Suntai, yana tuƙa jirgi mai inji ɗaya da kansa daga Jalingo zuwa Yola, ya faɗi kafin ya kai fili. Masu bincike sun nuna cewa tafiyar ta kai bayan faɗuwar rana, shi kuwa ba shi da takardar tuƙi da agogai. Ya fita da rai, amma bai sake samun lafiya ba har ya rasu a 2017.

FASA SAUKA

Kusan duk abin da aka ambata a sama yana da magani guda, kuma kowane ɗalibi ya san shi tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. In matuƙi ya ga ya zarce saiti, ko gudunsa ya yi yawa, ko jirgi ya yi tsalle, ko wani abu ya shigo fili, sai ya ba inji wuta duka, ya hau, ya sake zagayowa. Minti biyar ne da ɗan mai kaɗan. In yanayi ya ɓaci, ya juya ya koma inda ya fito, ko ya nufi wani fili.

Abin tambaya shi ne, me ya sa mutanen da suka san haka su ke ƙin yi? Galibi kunya ce. Ga babban baƙo a bayansa yana duba agogo. Ga jama'a sun cika bakin fili tun hantsi, ga makaɗa, ga dawaki an yi musu kwalliya, ga abinci yana hucewa. Matuƙi yaro ne, watakila bai kai ɗan hakimi ba, yana gudun a ce bai iya ba, ko a kai ƙararsa wurin maigidansa. Sai ya ce bari ya gwada. A nan hakimi ya ke da iko fiye da yadda ya ke tsammani. In jirgi ya fasa sauka ya zagayo, kada a bar fadawa su yi wa matuƙi ba'a. In ya aiko cewa ba zai zo yau ba saboda hazo, a sallami jama'a da kyakkyawar magana, kada a yi ta buga masa waya ana cewa ai nan gari garau ya ke, gama mai tsaye a ƙasa ba ya ganin abin da na sama ke gani. In ya ce a tashi ƙarfe huɗu, kada a tsare baƙo da jawabi har ƙarfe biyar da rabi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, ya kamata kuwa matuƙi ya ji wannan daga bakin hakimi, a gaban baƙonsa.

Haka kuma kada a roƙi matuƙi ya yi ƙasa-ƙasa bisa gari ko bisa taro don ya gai da jama'a. Kwana ce a kusa da ƙasa, hankalinsa yana kan mutane, ba kan agogon gudu ba, watau kwanar ƙarshe ke nan aka ƙirƙiro ba dalili.

Akwai kuma maganar tsaraba. Cessna 172 in an cika tankunansa, abin da ya rage masa na mutane da kaya bai fi kilo 250 ba sosai. Ƙarti uku sun cinye shi. Buhun gero guda kilo 100 ne, wurin sa kaya kuma a baya ya ke, nauyin baya kuwa yana ɗaga goshin jirgi, ya sa in iska ta saki fiffike a sha wuya kafin a sunkuyar da shi. Matuƙin da ya ƙi karɓar buhu ko rago ba raini ya yi ba. A aika da kyautar a mota.

FILIN DA KE CIKIN GUNDUMA

Filin da jirgi ba ya sauka sai sau biyu a shekara, mutane su kan mai da shi nasu. Makiyaya su ratsa, masu amalanke su yi hanya, samari su buga ƙwallo su bar duwatsun da suka yi raga da su, masu koyon mota su tona shi da damina, manomi ya ci kunya biyu bana, uku baɗi. Gara ta gina suri, gafiya ta yi rami. Daga sama ba a ganin ko ɗaya cikin waɗannan. Lalle ne kashegarin zuwan jirgi ya kasance an riga an taka filin da ƙafa tun jiya, daga wannan baki zuwa wancan, a sake takawa da safe. A cike ramuka a daddaɓe, a rushe suri, a yanke ciyawa, gama doguwar ciyawa tana ɓoye rami, jiƙaƙƙiya kuma tana hana birki kamawa. Inda ƙasa laka ce, in an yi ruwa da dare, a gwada da mota: in tayarta ta nutse, ta jirgi ma za ta nutse. In fili ba shi da kyau, a shimfiɗa farin ƙyalle a gicciye, kamar alamar sau ta lissafi, a kowane baki. Matuƙan duniya duka sun san ma'anarta, watau kada a sauka.

Dabbobi su ne babbar damuwa. A watan Yuli, 2005, wani babban jirgin Faransa ya afka cikin garken shanu yana sauka a Fatakwal. Girmansa ya sa mutanen ciki suka tsira. Ƙaramin jirgi tunkiya ɗaya ta ishe shi. A sanar da ardo da masu unguwa tun da wuri, a sa dogarai ko 'yan banga a bakin kowace burtali awa guda kafin lokaci. Kada a bar mahauta ko juji kusa da fili, don suna tara shirwa da sauran tsuntsaye.

Bakin fili biyu su ma abin kula ne. Jirgi mai sauka ya kan yi tafiyar wajen ƙafa 20 kafin ya sauko ƙafa ɗaya. Saboda haka giginya mai ƙafa 50 a bakin fili ta cinye ƙafa 1,000 na filin, ko da ba ta cikinsa. Wayar lantarki da dogon ƙarfen kamfanin tarho sun fi itace mugunta, don ba a ganinsu sai an zo kansu. Hakimin da aka nemi ya sa hannu a kan fili a wannan layi, ya fara sanar da hukuma.

A kafa tutar iska, watau ƙyallen nan mai kama da hannun riga, a inda ba gini ko itacen da zai tare ta. In ta yage, ɗan hayaƙi a gefen fili, can inda ba zai rufe hanya ba, yana nuna wa matuƙi iska. Jama'a da dawaki su tsaya nesa a gefe guda, kada kowa ya tsaya a bakin hanya ko ƙarshenta. Kada kowa ya matso sai farfela ta tsaya cik, domin in tana juyi ba a ganinta.

IN HATSARI YA AUKU

Injin ƙaramin jirgi in ya mutu, jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Daga ƙafa 5,000 bisa ƙasa yana iya lulawa wajen mil 8 yana neman fili ko fadama ko gona. Don haka kowace gunduma tana iya wayar gari da jirgi a cikinta, ko da ba ta da fili.

Ceton rai ne farko. A kashe taba da kowace irin wuta, gama man jirgi ya fi kananzir saurin kamawa, a kuma hana mutane ɗibarsa. In ba wuta a ke tsoro ba, kada a fizgo wanda ya ji ciwo. A tallafe kansa da wuyansa, a ɗauke shi a miƙe bisa ƙyaure ko faffaɗan katako. In jirgin feshi ne, abin da ke cikin tankinsa dafi ne, yana shiga ta fata. Kada a taɓa, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a hana dabbobi sha daga ruwan da ya gangara. A sanar da 'yan sanda da asibiti mafi kusa, a kira lambar gaggawa ta 112 inda ta ke aiki, a kai labari fadar Sarki.

Bayan wannan sai tsaro. Binciken hatsari aikin hukumar NSIB ne, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin hukumar da ta gabace ta. Bisa ƙa'idar ƙasashen duniya, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Cikago ta 1944, ba don a kama mai laifi a ke wannan bincike ba, don a hana irinsa ne gaba. Masu binciken daga tarkace su ke karatu: lanƙwasar farfela tana nuna ko inji yana aiki, sawun taya yana nuna inda aka fara taɓa ƙasa. Ƙarfen da yaro ya ɗauke ya kai wa 'yan gwangwan, watakila shi ne amsar. A kewaye wurin da igiya, a sa masu gadi dare da rana. In akwai mamata, kuma ya zama tilas a ɗauke su kafin jami'ai su iso, a ɗauki hoto tukuna, a sa alama inda kowa ya ke.

Aikin malamin hakimi shi ne ya rubuta tun abin yana ɗanye. Ya sa ƙarfe nawa ne, daga ina iska ta ke busowa, da ƙarfi ko a hankali, akwai hazo ko ruwa, wane gini ko dutse ne mafi nisa da a ke iya hangowa a lokacin. Ya ji shaidu ɗaya-ɗaya, ba a taro ba, don in an haɗa su maganar babba ce za ta zama ta kowa. Ya tambayi kowa inda ya ke tsaye, ko ya ji ƙarar inji har ƙarshe, wane fiffike ne ya fara yin ƙasa, sau nawa jirgi ya yi tsalle. Abin da mutum ya gani dabam, abin da aka gaya masa dabam, a rubuta kowanne da sunansa. In akwai akuya a fili a rubuta akwai akuya, ko ta wane ne. Ya kuma kula da ƙugiyar harafi, gama wanda ya rubuta "an yi hadari da la'asar" ya ba da labarin sama, wanda ya rubuta "an yi haɗari da la'asar" ya ba da labarin jirgi, mai bincike kuwa yana bukatar ya san wanne ya riga wani, da minti nawa.